Hoton da Rediyo Ya Nuna wa Inna

Bargo, buta, kwalin maganin hawan jini, takalmin Inna ƙafa ɗaya. Abin da mai aski ya iya ɗaukowa ke nan kafin tasi ta tashi da su. Inna, mahaifiyarsa, na kwance a baya, kanta a cinyar ƙanwarsa, bakinta ya karkace.

A shago Rediyo ake ce masa. Duk hoton haɗari ko gobara da ya faɗo wayarsa, sai ya ajiye almakashi ya cusa wa mutum a fuska. "Kalli wannan!" Masu zuwa aski kan ce, "Rediyo, gama mana kan tukuna, gawar ba guduwa za ta yi ba."

A ranar, da ya leƙa gida cin abincin rana, ya tarar da Inna tana tsintar wake a tire. Ya miƙa mata wayar. Tankar mai ce ruwan ɗorawa tana ci da wuta, hannun direba ya leƙo ta taga. Rubutun da ke ƙasa ya ce a wata ƙasa ne, shekarun baya. Inna ba ta karatu. Autanta kuwa irin wannan tankar yake ja.

"Auta!" kawai ta ce. Tiren ya kife.

A cikin tasi ƙanwar ta kira Auta. Lafiyarsa lau, yana layin lodin mai. Ta kara wayar a kunnen tsohuwar. "Inna, ni ne! Inna?" Idon Inna a buɗe, amma ba ta amsa ba.

"Direba, don Allah taka," in ji mai aski.

"Yanzu kake sauri?" in ji ƙanwar. "Da ka karanta mata kafin ka nuna, me zai rage ka?"

A asibiti likita ta saurare su, ta ce, "Akwai sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa gadi ne. Ido na ganin jini ko wuta, shi ke fara amsawa. Zuciya ta hau bugu, jini ya hau, tun hankali bai tambayi ina ne ko yaushe ne ba. Mai lafiya yakan huce. Mai ciwo irin nata, wani lokaci jijiya ba ta jurewa."

"Za ta sake magana?" in ji mai aski.

"Ban sani ba tukuna."

Aka tura gadon Inna ciki. Mai aski ya yunƙura zai bi, ƙanwar ta tare shi da hannu. "Yaya, tsaya nan da wayarka." Ƙofar ta rufe.

Ya jingina da bango. "Daga yau ba na nunawa, ba na turawa," in ji shi.

Mai karatu, hoto yana riga bayani isa zuciya. Kafin ka miƙa wa mutum abin tsoro, dubi wanda zai gani, ka tambaye shi ko yana son gani.