Malamin da Ya Hau Tudun Girkawa Ba Takalmi

Sallau, ɗauko sandar nan da ka jefar, ka zauna in ba ka misali. Ka ce taku ashirin ɗin da likita ya ɗora maka kullum wasan yara ne, tunda ƙafar ta shanye gara a ƙyale ka a kan tabarma. To, saurara.

An yi wani malamin makaranta da ya shekara talatin yana koyar da tarihi a ƙauye. Duk shekara in aka zo darasin Girkawan da, sai ya ɗauki alli ya zana wa yara wani gini mai ginshiƙai a bisa tudu, wanda ya gani a hoton littafi, ya ce musu kowane ginshiƙi dutse guda ne aka sassaƙa aka tsayar. Haka ya zata, haka kuma ya koyar. Bayan ya yi ritaya idonsa ya soma dushewa, likita bai ɓoye masa ba, ya ce ganin nan da wuya ya kai baɗi. Wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a kamfanin jiragen sama ya ji labari, ya zo ya ce, "Malam, me kake so ka gani kafin lokacin?" Bai yi wata-wata ba ya ce ginin nan da ya ƙarar da alli a kansa. Aka yi masa takardu, ya sauka birnin Atina na ƙasar Girka shi kaɗai, ba ɗan rakiya, ba tafinta, kuma wuni ɗaya tak gare shi, don washegari jirginsa zai juyo gida.

Ka dai san halinmu, ba ma zuwa gaida manya da tsumma. Mutumin naka ya zuba babbar riga ta sha sitaci, ya kafa hula, ya zura sabon takalmi sau-ciki, kai ka ce ɗaurin aure za shi. Daga masauki ya hango tudun dishi-dishi a tsakiyar gari. Aka nuna masa mota ya ƙi, wai abin da ya daɗe yana jira ba zai kalle shi ta gilashi ba. Ya ratsa lunguna da ƙafa, ya wuce masu gasa nama da kyanwoyi kwance a bakin ƙofofi, ya ɓata har sau biyu. Duk wanda ya tarar sai ya gaishe shi da Hausa, ya nuna masa hoton da ya yago daga tsohon littafinsa, shi kuwa ya nuna masa sama da yatsa.

Abin da littafi bai gaya masa ba shi ne, duwatsun hawan nan ƙafafun mutane sun goge su shekaru aru-aru, sun yi santsi kamar sabulu. Bai yi nisa ba sabon takalmi ya kwashe shi. Ya faɗi a kan gwiwa, hula ta gangara, tabarau ya tsage. Waɗansu matasa suka ɗaga shi suka zaunar a inuwa, wata mai shara ta nuna masa hanyar sauka cikin tausayi. Wallahi sai da ya yi ƙwalla, ba don zafin gwiwa ba, sai don tunanin zai koma gida ya makance yana mai labarin gindin tudu kawai.

Da ya huta sai ya tuɓe takalman ya riƙe a hannu, ya naɗe babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Dutsen ya ɗau rana, yana ƙuna kamar tanda, amma tafin ƙafa ya kama shi gam. Ya yi wa kansa doka: taku goma, ya tsaya ya numfasa, sannan wani goman. Bai ƙara ɗaga kai ya dubi saman ba, matakin da ke gabansa kaɗai yake duba. Ayari ya wuce shi yana hawa, ya sake wuce shi yana sauka, wani ayarin ya zo ya tafi, shi yana nan yana ƙirga gomansa. Sai da la'asar ta yi sakaliya ya kai.

Ya matsa har bakin igiyar da aka tare mutane da ita, ya ƙura ɗan idon da ya rage masa. Sai ya ga zare-zare sun gitta jikin ginshiƙin daga ƙasa har sama. A gefe kuma ga waɗansu guntaye a zube, kowanne kamar ƙaton turmi. Ashe ba dutse guda ba ne, ɗora su aka yi ɗaya bisa ɗaya har suka kai inda suka kai. Ya tsaya ƙafa ba takalmi, gwiwa a kumbure, yana dariya shi kaɗai, ya ce, "Allah Ya yafe mini, shekara talatin ina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya."

Idon ya tafi kafin damina ta zagayo. Amma kafin nan ya tara tsofaffin ɗalibansa, waɗansu har da furfura, ya ɗauki alli ya gyara musu darasi.

Saboda haka, Sallau, takun nan ashirin da ka raina su ne duwatsunka, kuma ba wanda zai ɗora maka su. Miƙo hannu, tashi mu yi na yau. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.