Gurbin Malam Mani

Malam Mani shi kaɗai ne ma'aikacin lafiya a ɗan asibitin ƙauyensu, can cikin ƙasar Ruma. 'Yan bindiga suka tare shi yana dawowa daga Batsari da magunguna, suka kashe shi. Ya bar matarsa Tasalla da 'ya'ya mata biyu: Muhsina, wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya, da ƙanwarta Asama'u, 'yar shekara shida.

Da shugabanninsa suka zo ta'aziyya, suka ce za a ba ɗaya daga cikin 'ya'yansa gurbinsa don kada gidan ya wulaƙanta. Tasalla tana takaba, ba ta fita. Sai yayan marigayin, Baffa Daudu, ya ce shi zai je ofishinsu ya wakilci gida. Ya je ɗin kuwa, amma da ɗansa Kamilu, ya ce ga ɗan Mani. A wurinmu ɗan wa ai ɗa ne, wa zai ƙaryata dattijo?

"Inna, Kamilu fa ko allura bai iya riƙewa ba!" in ji Muhsina.

"Rufa mini asiri ki yi shiru. Yayan ubanki ne, ki yi masa kara. So kike a ce kabari bai bushe ba mun fara rigima?"

Shi kuwa Daudu ko a jikinsa. Cewa yake, "Mace ce fa. Gobe ta yi aure ta kai wa gidan wani albashin."

Kai jama'a! Kamilu ko sau ɗaya bai taka ƙauyen ba, wai yana tsoron daji. Yana Katsina yana shan iska, albashi na shiga. Asibiti ya zauna a kulle, aka daina kawo magani, awaki suka mai da barandar wurin kwana.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama Asama'u, ta fara sanƙarewa. Muhsina ta san allurar da za a yi mata, amma ina allurar? Aka ɗora su a babur aka nufi Batsari, ga taɓo, ga rafi ya cika. Kafin ruwa ya janye yarinya ta cika a hannun yayarta.

Wurin zaman makoki Daudu ne a gaba, ya baje tabarma yana amsa gaisuwa yana cewa, "Kwana ne ya ƙare." Sai ga Muhsina ta ratso zaure ta tsaya a gaban maza.

"Baffa, kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma kulle asibitin nan naka ne. Jinin ubana aka duba aka ba da aikin nan, ka ɗauka ka ba wanda ba ya zuwa. Na yi kara, ga abin da ta saya mini, mun kai shi maƙabarta."

"Ke! Ni kike faɗa wa haka? In kika kai maganar nan gaba, ba ni ba ke!"

"Yau kuma? Ai tun ranar da ka kai Kamilu ka yanke zumuncin. Batsari zan tafi, sai dai a ɗaure ni."

Tasalla ta leƙo daga bayan zana, ido jawur. "Je ki, Muhsina. Ni ma da ba takaba ba, da ƙafata ƙafarki."

Ta sha zirga-zirga, ta sha zagin dangi, har masu cewa ta tona asirin gida. Ba ta fasa ba sai da aka bincika, aka cire Kamilu, aka ba ta gurbin. Ranar da ta buɗe asibitin ta share kashin awaki tana kuka, don yaran mutane za su samu allurar da ƙanwarta ta rasa.

Jama'a, aikin da aka bayar don marayu na marayu ne, mace ko namiji. Kara tana da wurinta, amma in an zo kan haƙƙi a buɗe baki tun kafin a yi rashi.