Kujerar Gefen Direba

"Wa ya ba ka izinin cire kujerar nan?"

Muryar Baba ta cika garejin, har bakanike ya saki sifana. Tsohuwar jar motar tseren nan mai kujera biyu, wadda ta girme ni, ta sha sababbin tayoyi da birki, sai ƙyalli take yi. Amma inda kujerar gefen direba take, yanzu jarkokin fetur ne jere.

"Yallaɓai, tafiyar da nisa, but ɗinta na kaya kuma ko jaka ba ya ci. Na ga kai kaɗai za ka..."

"Ka gani! Gyara na kawo maka ko fiɗa?"

Raina ya ɓaci. Tun rasuwar Mama nake roƙon tsohon nan ya haƙura da doguwar tafiyar nan da yake son yi shi kaɗai a motar, ya kafe. Yanzu kuma wanda ya yi masa dabara shi yake ci wa mutunci.

"Haba Baba! In mai ya ƙare maka a daji, kujerar za ka zuba a tanki?"

Ko kallona bai yi ba. Yana tsaye yana huci har aka kwashe jarkokin, aka mayar da kujerar. Bakanike ya tura ta baya, daidai da ta direba.

Baba ya sunkuya, ya ja ƙarfen da ke ƙasanta, ya matso da ita gaba sosai.

"A nan take zama," ya ce a hankali. "Uwarki ba ta da tsawo."