Wa Ke Juya Hoton Falo?

Yau ma hoton a juye yake, samansa a ƙasa.

Usaid ya tsaya a tsakiyar falo, ko hular masallaci bai cire ba. Ya ture 'yar kujerar katakon da ta tare masa hanya, ya sauke hoton, ya duba kibiyar da masu bugawa suka manna a bayansa, sannan ya mayar da shi daidai yana huci.

Tun da ya je wani kwas a Abuja aka sauke shi a otal mai irin waɗannan zane-zane, Usaid ya dawo gidansa a unguwar Demsawo da sabon ciwo. Ya yi odar kwafin zanen Turawan shekarun 1950, irin waɗanda ba mutum, ba dabba, ba bishiya, sai layuka da faci-facin launi. Ya ce ko malamai ba su da ta cewa, tunda babu mai rai a ciki. Duk baƙon da ya shigo gidan sai ya sha bayani kafin ya sha ruwa.

Matarsa Raudatu ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ran da aka kafa su ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga ƙaramin cikinsu, wanda aka rataye kusa da ƙofar kicin. Kore ne shimfiɗe daga sama, ga wasu curi-curi masu ruwan toka suna reto ƙasa, da wani jan layi da ya ratsa koren a karkace.

"Wannan kam kamar an kifar da miyar kuka," in ji ta, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Usaid bai manta da dariyar nan ba. Shi ya sa da hoton ya fara wayar gari a juye, bai wahalar da kansa neman mai laifi ba.

Su uku ne a gidan. Ta ukun ita ce Dada, mahaifiyarsa, wadda ta baro Madagali da ƙafa a 2014 lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin, kuma tun daga nan ba ta sake ganinsa ba. Usaid ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai dai saƙo ya bi ta hannun Raudatu. Shi dai bai taɓa ganinta zaune a falo ba. Kwanan nan ta fara cin abinci sosai, har tana 'yan waƙe-waƙe a tsakar gida, shi kuwa ya yi ta yabon sabon likitanta.

Da farko cikin wasa ya yi wa Raudatu magana. Ta ce ba ita ba ce. Washegari ya ƙara, ba wasa. Ta rantse.

"To aljanu ne ke nan?"

"In su ne, ai da sun juya duka," ta ce.

Ya yi tunanin ya ƙi fita sallar asuba ya laɓe, amma ya rasa me zai ce wa liman in an tambaye shi. A ce mutum da gemunsa ya bar jam'i don gadin hoto? Sai ya koma ɗaure fuska. Ya daina yaba girki, ya daina labarin ofis. Raudatu kuwa abin ya daina ba ta dariya. Ba zargin ne ya fi ƙona mata rai ba, a ce ta kama sunan Allah mijinta ya ɗaga kafaɗa.

Ran Asabar ya dawo daga masallaci ya tarar da hoton a juye, ga kuma akwati a bakin ƙofa. Raudatu ta yafa mayafi, idanunta jajur.

"Zan tafi Luggere gidanmu. In ka wayi gari ya juya ba na nan, ka zo ka ba ni haƙuri gaban Baffa."

Usaid ya dubi akwatin. Ya san Baffan nata, ya kuma san ba zai iya zama gaban tsohon ya yi bayanin zanen da ba mutum ba dabba ba. Ya fi komai jin tsoron ta tafi da gaske.

"Tsaya," ya ce. "Hoton ne zai tafi, ba ke ba. Yau zan kyautar da shi."

Ya cizge shi daga ƙusa ya nufi ƙofa.

Sai ga ƙarar sanda a kan siminti. Dada ce tsaye a ƙofar kicin, ta kau da kai ga bango, kamar yadda take yi duk lokacin da ya shigo. Da surukarta take magana.

"Raudatu, gaya wa mai gidanki ya yi haƙuri, kar ya kai shi ko'ina. Ke ma ki yi haƙuri. Na ga ba ki san garin ba, shi ya sa kullum kike rataye shi kai ƙasa, ni kuma ban so na ba ki kunya ba, sai in hau kujera in gyara in ya fita." Ta share ido da bakin mayafi. "Ki ce masa na gode. Ban san inda ya samo mini hoton duwatsun Madagali ba, har da gonata a gindinsu da hanyar da nake bi."