Rahoton Farfesa a Kan Wasiƙar Sarakuna

Sau uku Farfesa yana wuce ƙofar gidan kafin ya iya tsayar da mota. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shirya abin da zai faɗa, amma da aka amsa sallamarsa sai duk ya kuɓuce masa.

Gidan marigayi mai kula da ɗakin tsofaffin takardu ne. Shi ne ya tsinci wata wasiƙa a ƙasan akwati, a daidai lokacin da wasu masarautu biyu da kogi ya raba suke zaman shawarar haɗewa. Masu son haɗewar ba su rasa hujja ba: harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Rubutacciyar shaida ce kawai babu. Wasiƙar kuwa ta nuna sarakunan farko wa da ƙane ne, har sun yi wasiyya jikokinsu su koma ƙarƙashin tuta ɗaya.

Aka kira Farfesa ya tantance ta. Kwana tara ya yi yana duba takarda da tawada da hatimi, bai ga aibi ko ɗaya ba. A ransa ya gamsu ta gaskiya ce. Sai dai wasu 'yan majalisa, waɗanda haɗewar za ta raba da kujerunsu, sun riga sun ziyarce shi, an kuma yi masa maganar shugabancin jami'a. Ya rubuta cewa jabu ce.

Zama ya watse. Gadar da a da ake haye ta da takardar izini bayan jiran watanni, aka rufe ta gaba ɗaya. Aka kori mai kula da takardun, aka riƙa nuna shi da baki a masallaci da kasuwa. Bai taɓa kare kansa ba har ya koma ga Allah.

Matar marigayin ce ta shigar da Farfesa. Tsohuwa ce mai ɗinkin littattafai, teburinta cike da zare da danƙo da alƙaluma, har yanzu akwai karin harshen mutanen ƙetaren kogin a bakinta. Ta gane shi nan take. Ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi iyali.

Ya kasa sha. Kansa a sunkuye ya zayyana mata komai: ziyarar 'yan majalisa, kujerar da ya samu, da yadda ya ji labarin mahaifiyarta ta rasu a ƙetare ba ta samu zuwa ko jana'iza ba. Ya ce ya rubuta sabon rahoto, gobe zai kai wa 'yan jarida.

"Hajiya, wasiƙar nan ta gaskiya ce, kuma na sani tun ranar farko. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana murza zare a yatsa. Da ta ɗago, fuskarta ta jiƙe da hawaye.

"Kada ka kai rahoton nan ko'ina. Ba kai ka cuci malam ba. Ya san mai laifin, shi ya hana ta magana har ya rasu."

Farfesa ya ɗago kai.

"Ni na rubuta wasiƙar a kan teburin nan, don in riƙa zuwa ganin mahaifiyata."