Shekara Goma Sha Bakwai a Kan Allo

Mudassir, ajiye gwangwanin fentin nan ka zauna. Na ji kana gaya wa uwarka wai allon gareji za ka fara rubutawa, rajistar suna kuma sai aiki ya kankama. To, angon nawa, ni bokona bai wuce karanta wasiƙa ba, amma bari in ba ka misali.

An yi wani mai bugun jikin mota irinka. Mota za ta zo a lotse kamar an taka gwangwani, ya sa guduma ta ciki, yana bugu yana shafawa da tafin hannu, ido a rufe, har ƙarfe ya kwanta. Direba in ya zo ɗauka sai ya zagaya ta ya riƙe baki ya ce, "Kamar ba a yi ba!" Tun ana faɗa a gareji har aka koma faɗa a tasha. Duk wanda ya yi karo a hanya sai a ce masa ya kai ta Kamar Ba A Yi Ba. Ka ga ba shi ya zauna ya zaɓi sunan ba, bakin mutane ne ya raɗa masa. Akwai wani mai fenti da suke rumfa ɗaya, kwano ɗaya suke sa hannu, shi ya rubuta masa sunan a allo da ja da fari. Ran da aka kafa allon, matarsa ta ce ya je ofishin rajista a shigar da sunan a buga masa hatimi. Ya ce sunan da ke bakin direba dubu, me takarda za ta ƙara masa? Haka allo ya shekara goma sha bakwai. Sau ɗaya mai fentin ya taɓa tambayarsa ko ya yi rajistar, ya yi dariya ya ce ba ya bukata. Bayan nan ba da jimawa ba mai fenti ya kwashe kayansa ya buɗe nasa wurin a ɗaya gefen gari.

Wata Laraba masu motocin haya na dogon zango suka aiko masa. Mota arba'in gare su, suna so duk wadda ta bugu a kawo ta wurinsa, don sun sha jin sunan a tasha. Sharaɗinsu ɗaya, ya kawo takardar rajistar gareji kafin sallar Juma'a. Ya wanke hannu, ya sa babbar riga, ya tafi ofis. Matar da ke kan kwamfuta ta buga sunan. Ta sake bugawa. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, sunan nan fa yana da mai shi. Wata huɗu ke nan." Da ta faɗi unguwar da mai shi yake, sai ya ji unguwar da mai fenti ya koma ce.

Bai biya gida ba, kai tsaye ya wuce can. Ya tarar da sabon allo, ja da fari, rubutun hannun da ya sani. Ya ce, "Kai? Da muka ci kwano ɗaya?" Mai fenti ko tashi bai yi ba, ya ce, "Yaya, ban tambaye ka ba? Ka ce ba ka bukata. Tsintuwa na yi." Akwai guduma a ƙasa kusa da ƙafarsa. Mai bugun motar ya dube ta, mutane suka ga ya dube ta, sai da ƙarti uku suka rirriƙe shi.

Ran Alhamis dattawan masu gareji suka zauna. Direbobi suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya suna shaida cewa tun gashinsu na baƙi suka san sunan a wurinsa. Mai fenti bai yi musu da kowa ba. Takarda kawai ya zaro daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma. Babban dattijon ya juya ta gaba da baya ya ce, "Duk mun san naka ne. Mu baki gare mu, shi hatimi gare shi. In ka je kotu wataƙila ka samu, amma kotu ba ta san gobe Juma'a ba."

Da safe ya koma ofis. Matar ta ce ya kawo wani sunan a duba. Mutumin da ƙarfe ke yi wa biyayya ya tsaya ana jira a bayansa. Da ƙyar ya ba da sunansa da na mahaifinsa, aka ce takarda ba za ta fito ran nan ba. Ladan ya kira salla, shi kuwa yana kan bencin ofis. Masu motoci kuwa suka ba da aikinsu inda takarda ta nuna sunan da suka sani.

Da la'asar ya sauke allon da kansa. Hannun nan da bai iya aikin banza ba ya kankare shi, ya goge, ya bi shi da farin fenti, har ba mai cewa an taɓa rubutu a wurin. Matarsa tana tsaye, ba ta ce na gaya maka ba. Ruwa ta miƙa masa.

Don haka, ɗan nema, fentin nan ba zai gudu ba. Gobe ka riƙe suna biyu ko uku ka je a duba maka, wanda ba shi da mai shi a buga masa hatimi, sannan ka zo ka rubuta allonka, ni da kaina zan riƙe maka gwangwani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini, tun ran zane.