Faifan da Baffa Malum Ya Nema

Baffa Malum ya ce shi kam ba zai sayar da ko ɗan maraƙi ba saboda hoton waya da bai kai tafin hannu ba. Ya kawo wayar dab da idonsa, ya nesanta ta, ya ce inuwa kawai yake gani, kuma tana iya zama kowa. In dai Ilyasu ne, a sa masa a talabijin.

Aisatu ta karɓi wayarta. Kwana goma sha ɗaya ke nan da 'yan bindiga suka tare motar mijinta Ilyasu a hanyar Ngawundere, suka shige daji da shi. Jiya da safe ta tsinci ɗan memorin waya ƙunshe cikin leda a ƙofar gidansu na unguwar Poumpoumré a Garoua. Bidiyon minti biyu ne. Ilyasu na zaune a gindin wata bishiya, leɓe a bushe, yana cewa a sayar da shanu kafin Juma'a, kada a gaya wa jami'an tsaro na jandarma, kada a nuna wa bare. Shanun na gida ne gaba ɗaya, kuma Baffa, yayan mahaifinsa, shi ke da ta cewa. Ga shi yau Laraba.

Na'urar DVD ta Baffa kuwa tsohuwa ce irinsa, faifai kaɗai ta sani.

Rana na dukan ƙwalwa ta hau moto, wato acaɓa, zuwa babbar kasuwa. Duk matan Garoua sun san rumfar Abdulbaƙi. Shi ke juya bidiyon waya da na kwamfuta ya koma faifai, kuma abin da ya sa ake rububinsa ɗaya ne: ba ya kallon abin mutane. Bikin mata, rawa, kai ba ɗankwali, yana rufe wurin da hoto ke fitowa ya yi aikinsa da sunayen fayil kawai. Maza ma sun yarda matansu su je.

Ta tarar da layi. Wata mai suna Solange tana ta mita da Fulatanci, wai makon jiya sau uku tana zuwa rumfa a kulle. Abdulbaƙi ya ba ta haƙuri, ya ce aikin ɗaukar biki ne ya kai shi ƙauye. Hannunsa bai tsaya ba, ya zare wannan ya cusa wancan, kamar mai tuyar ƙosai.

Da layi ya zo kanta ta ce bidiyon suna ne, na mata zalla. Ƙarya ce ta farko da ta yi tun da aka shiga wannan bala'i. Ko ɗagowa bai yi ba.

Yana cusa memorin wani rubutun Faransanci ya faɗo a allon. Ita bokonta bai yi nisa ba, ta tambaya ko ya lalace ne.

"Lafiya lau, Hajiya. Wata ta riga ki kawo fayil mai irin sunan nan, yana cikin kwamfutar tuni. Kullum haka nake fama, biki ɗaya mata goma."

Ya danna tsallakewa, yadda yake yi sau hamsin a yini, ya bar nata, ya ja mai irin sunan da ke cikin kwamfutar ya sa shi a juyi.

Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Aisatu ta zuba masa ido tana salati a zuci. Minti biyu kacal, amma abin ya ƙi ƙarewa. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada wuta ta ɗauke, kada wani ya leƙo, kada Juma'a ta riske su Baffa na nan yana gardama.

Faifan ya fito da ɗuminsa. Ya ce bari ya gwada mata a na'urar rumfa kamar yadda aka saba, ta ce a'a da sauri. Ya yi murmushi, ya ce ya gane, sirrin mata. Ya zura shi a farar takarda, har da addu'ar Allah ya raya.

Bayan la'asar aka taru a falon Baffa. Ya ja kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. Na'urar ta yi ƙugi, ta yi shiru, sai ga Ilyasu ya cika allo, tar, fiye da yadda ya fito a waya. Har ƙudan da ke kan goshinsa ana gani.

Baffa bai bari ya gama magana ba. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Ɗana ne. A kira dillali yanzu, a kaɗa su duka."

Aisatu ta yi hamdala. Ta haddace bidiyon nan, ta san daga "kada a nuna wa bare" sai duhu. Ta miƙe za ta kashe.

Duhun bai zo ba.

A allon, Ilyasu ya dubi gefe, ya tambaya ko ya faɗa daidai. Wani daga cikin 'yan bindigar ya ce Ilyasu ya gane fuskokinsu da yawa. Ƙarar bindiga ɗaya aka ji. Ya kife a gindin bishiyar, bai ƙara motsi ba.

Hoton ya yi lilo, ya nuna ƙasa, ya nuna sama, mai ɗaukar yana cewa kada su damu, wannan ƙarshen zai yanke shi a rumfa. Sannan ya juyo da wayar yana neman wurin kashewa, fuskar Abdulbaƙi ta cika talabijin ɗin Baffa.